Makarantar Da Gangan

Duk wanda ya ce muku makarantata rushewa ta yi, ku tambaye shi ko yana wurin. In ya ce yana wurin, to ku tambaye shi a kan wace bishiya yake a lokacin. Ni da na kafa ta ga ni da raina, gara ku ji daga bakin mai ita.

Ni aji biyu na yi a boko na fito. Ba kasawa na yi ba, lura na yi malamin ya fara maimaita abin da ya faɗa jiya, na ce to ilimin ya ƙare ke nan, na ɗauki jakata na yi gida. Tun daga nan ban sake neman sani a wurin kowa ba, shi ya sa matata, wadda nake kira Tsohuwa, take ce mini Malam Na-sani. Da wata irin murya take faɗa, amma ni sunan nake ji, ba muryar ba.

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce a birni, kowa Nas yake ce mata har da ni. Aka tura ta ƙaro karatu wani gari mai nisa, mijinta kuwa direban babbar mota ne, gida a wurinsa wurin canza riga ne kawai. Sai ga ta da 'ya'yanta uku, wai su yi mana hutu. In ta dawo ƙarshen wata, manyan biyu makarantar kwana za ta kai su, ƙaramar kuma gidan ƙanwar ubanta.

Babban namiji ne, Injiniya ake ce masa, don duk abin da ya gani da noti sai ya kwance. Mai bi masa mace ce, Gilashi, tabarau a fuska kamar tagar banki, ga tambaya kamar alƙali. Sai Auta, wadda ba ta magana sai ta ga dama, kullum yatsa a baki tana kallon mutum kamar ta san abin da ya ci jiya.

Gidan namu kuwa, tun da yaranmu suka watse, in cokali ya faɗi sai kaji sun firgita don shiru. Ni abin bai dame ni ba, ni namiji ne. Tsohuwa nake tausayi. Ita ce ma, ina jin, ta sa nake tashi da sassafe ina leƙa ɗakin yaran in ga ko suna nan.

Na ce, “Nas, wace makarantar kwana? Ga makaranta nan a bayan gida, har da rijiya.”

“Baba, gona ce fa.”

“To me ake koya musu a can da babu a nan? Lissafi? Su ƙirga kaji. Kimiyya? Su shuka wake su ga ikon Allah. Turanci? Akuya ma in ta ji yunwa tana yinsa. Ki bar mini su. Ba aji, ba bulala, ba ƙararrawa. Hannu ne zai yi karatu.”

Tsohuwa tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Mai aji biyu zai buɗe jami'a.”

“Biyun nan da kike gani cikakku ne, ba irin na yanzu masu ruwa ba.”

Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, “Shi ke nan, Baba. In na dawo na tarar sun koyi abin kirki, su zauna nan har in gama karatuna. In kuwa na tarar da shirme, ranar zan kwashe su, kuma ba roƙo.”

Na ce ta je ta sayo jakar da za ta zuba mamaki.

Washegari na jera ɗalibaina a tsakar gida na ba su doka, guda ɗaya tak. “Duk abin da kuka ga na yi, ku yi. Ba tambaya. Gani ya kori ji.”

Gilashi ta ɗaga hannu. “Kaka, in ka yi kuskure fa?”

“Ke, shekaruna sun wuce na kuskure. Duk abin da kika ga na yi, da gangan na yi.”

Muka kama hanyar gona, ni a gaba da fartanya a kafaɗa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi santsi kamar an shafa mata sabulu. Ina cikin nuna musu iyakar gonata da ta maƙwabcina Tela, sai ƙafata ta yi gabas, ni na yi yamma. Kafin in ce wani abu na samu kaina zaune daram a cikin taɓo, hula can, fartanya can.

Yaran suka zuba mini ido. Tela kuma, wanda kekensa na ɗinki ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin hanya, ya tsayar da ƙafa ya leƙo.

“Farfesa, lafiya? Ko darasin ne ya fara?”

Ban ko kalle shi ba. Na gyara zama a cikin taɓon na ce wa yaran, “Kun gani? Da gangan na yi. Manomin ƙwarai ba da yatsa yake auna damshin ƙasa ba. Yatsa ƙarami ne, ƙarya yake yi. Zama ake yi. In sanyi ya ratsa wando ya kai ga fata, ƙasa ta isa shuka.”

Injiniya ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, ya faɗo kusa da ni, tsulum. Gilashi ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta zauna a hankali kamar mai gwada sabuwar kujera. Auta ta duba ni, ta duba taɓon, ta zauna a cinyata.

“Ya ratsa, Kaka,” in ji Injiniya.

“To ka ci jarrabawa.”

Da muka koma gida Tsohuwa ta dubi wanduna huɗu, ta dube ni. Sai ta ajiye bokiti da sabulu a gabana. Na ce wa yaran wanki ma yana cikin manhaja.

Darasi na gaba tatsar nono. Na manta gilashina a ɗaki, kuma ba zan koma ba a gaban ɗalibai, don shugaba ba ya komawa baya. Na shiga garke na kamo wata dabba mai kauri, na tsuguna, na ajiye kwano, na kai hannu. Na lalluba, na lalluba, abin da nake nema babu shi. Dabbar ta juyo ta dube ni da wani irin kallo na rashin yarda.

Gilashi ta ce, “Kaka, ba tambaya ba ce, amma wannan yana da gemu. Kuma yana wari.”

Bunsuru ne. Na san da haka tun farko mana. Na sake shi a hankali, na dafa ƙirjina, na ce, “Barka da asuba, maigida. An tashi lafiya? Ya iyali?” Sannan na juya ga yaran. “Da gangan na yi. Wa ya taɓa shiga gidan mutum ya nufi iyalinsa bai gaida mai gidan ba? Akuyar da ba a gaida mijinta ba, riƙe nono take yi.”

Daga ranar, kullum da safe sai ka ga jikokina uku tsugune a gaban bunsuru suna tambayarsa gajiya. Shi kuma ɗan banzan ya saba, in an makara sai ya fara buga ƙofa da ƙaho.

Tsohuwa ta ce, “Shekara nawa muna tare, ban taɓa samun irin gaisuwar nan daga bakinka ba.”

“Ki fito da gemu ki gani.”

Sai noman masara. Na nuna musu yadda ake sunkuyawa, yadda ake kama ciyawa daga tushe a fizge. Ina magana ina kallonsu, hannu yana aiki, na fizgo wata ciyawa doguwa mai kyau, na ɗaga sama don su gani. Masara ce. Wadda ta fi kowacce tsawo a kunyar ma.

Tela ya riga ya taso daga kekensa, ya jingina da shinge, awo rataye a wuya.

“Farfesa, wannan ciyawar a kasuwa da tsada take.”

“Kai dai ka ji da wandon mutane da kake yi wa ƙafa ɗaya doguwa.” Na juya ga ɗalibai. “Wannan shi ake kira gargaɗi. Masara kamar mutane take, in ba ta ga an hukunta wani ba, ba ta tashi tsaye. Kana cire babbarsu a gaban sauran, su kuwa sai tsoro ya kama su, su yi ta girma ba ji ba gani. Da gangan na yi.”

Injiniya ya ce, “In aka cire da yawa za su fi jin tsoro ke nan?”

Na ce masa kansa yana ja. Ban san maganar nan za ta dawo mini ba, don ni ba na bin maganata in ga inda ta kwana.

Saura rago. Muna da wani rago, Kwamanda, wanda tun yana ƙarami ya ɗauki kansa hukuma. Ba ya shiri da kowa sai Tsohuwa. Ranar na ce zan nuna wa yara yadda ake kwance dabba a kai ta kiwo cikin mutunci. Na kwance igiya. Kwamanda ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya kankare ƙasa da ƙafa. Ni kuwa na san yarensa. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na zaga rumbu, ya zaga. Na tsallake kwatami, ya tsallake. Ban san da wace ƙafa na hau katangar garke ba, ni dai na ga kaina a sama, ina ganin har rufin gidan Tela.

Daga can saman, da numfashi ya dawo, na ce, “Wannan motsa jiki ne. A makarantun birni malami ne yake hura usur a yi gudu, rabin yara suna lalaci. A nan ba mai lalaci. Da gangan na sake shi.”

Tsohuwa ta fito da dusa a kwano, ta ce “zo nan” sau ɗaya, Kwamanda ya bi ta kamar ɗan maraƙi. Tana wucewa ta ƙasan katanga ta ce, “Malam Na-sani, in an tashi daga makaranta ka sauko, abinci ya huce.”

Haka muka yi ta karatu. Da rana ina lura yaran suna ɓacewa bayan ɗaki wurin kakarsu, in na tambaya su ce taya ta hira suke yi. Na ƙyale, don ɗalibi ma yana bukatar hutu daga ilimi mai nauyi. Gidan kuwa ya cika da hayaniya, kaji sun daina firgita, har Auta ta fara cire yatsa daga baki in za ta yi dariya.

Da Nas ta yi waya ta ce tana hanya, na ce abin nan bai kamata a yi shi a ɓoye ba. Na bi gida gida na gayyato mutane su zo su ga yaye ɗalibai. Na sa babbar rigata, na ari benci, na jera a bakin gona. Maƙwabta suka cika, mata da yara, har mai gyaran keke ya rufe rumfarsa. Tela ya zo ya zauna a gaba, wai ba ya son komai ya wuce shi. Nas ta iso da 'yar motarta, ta ajiye a gindin mangwaro, ta aje jakarta a kan benci ta zauna kusa da uwarta.

Na yi jawabi. Na ce yau za a ga bambancin ilimin takarda da ilimin hannu. Na ce ni ba zan sa baki ba, yaran su nuna da kansu.

Suka fito a jere. Gilashi ta ce, “Darasi na ɗaya, awon damshi.” Su uku suka juya wa jama'a baya, suka faɗa cikin kwatamin ban ruwa da sababbin kayan da uwarsu ta aiko musu.

“Ya ratsa,” suka faɗa baki ɗaya.

Wata mata ta toshe baki da mayafi. Nas ta juyo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai irin na ki jira ki ga sauran.

Darasi na biyu aka jawo bunsuru. Suka tsuguna a gabansa, taɓo na ɗiga. “Barka da rana, maigida. Ya iyali? Ya haƙuri da mu?” Bunsurun ya ɗaga leɓe sama kamar zai amsa. Mai gyaran keke ya zamo daga benci don dariya.

“Baba,” in ji Nas a hankali, “'ya'yana ne suke gaida akuya?”

“Bunsuru ne. Ladabi ai ba ya zaɓen fuska.”

Injiniya ya ce, “Darasi na uku mun riga mun yi shi tun da safe, don a ga sakamako.” Ya shiga bayan shinge ya fito da dami guda na masara ɗanya, da saiwarta da komai, ya zube a gaban mutane. Ya koma ya kawo wani. “Gargaɗi ke nan. Mun ga masarar Baba Tela ba ta girma kamar tamu, shi ne muka taimaka masa. Duk manyan mun cire. Sauran yanzu tsoro ya kama su sosai.”

Dariyar Tela ta tsaya a maƙogwaro. Ya miƙe ya leƙa gonarsa, ya dawo ya dubi damin, ya dube ni.

“Farfesa, masarata ce wannan?”

“Ka kwantar da hankalinka, kyauta suka yi maka.”

“Kyauta? Yau sai na auna ka da awon nan daga wuya zuwa ƙafa.”

Ya yo kaina, mutane suka tashi rabo. To a cikin wannan hargitsin ne Injiniya, yaro mai kiyaye tsari, ya ga lokacin darasi na huɗu ya yi. Na ji muryarsa daga garke yana cewa, “Motsa jiki, kowa da kowa.”

Kwamanda ya fito.

Jama'a, na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin unguwa guda ta ci jarrabawa rana ɗaya ba sai ranar. Benci ya kife. Takalma suka rasa masu su. Tela, mai ciwon gwiwar da kullum yake ba mu labari, ya haye mangwaro har reshe na sama, awonsa na lilo. Nas ta tsinci kanta a kan motarta. Ni kuwa, a matsayina na shugaban makaranta, Kwamanda ya ware ni musamman. Babbar riga ba kayan gudu ba ce. Ta naɗe mini ƙafa a daidai bakin kwatami, shi kuma ya iso ya sa mini hannu a takardar shaida da ƙahonsa daga baya. Na tashi sama kaɗan, na sauka a inda ɗalibaina suka auna damshi.

Daga saman mangwaro Tela ya ce, “Farfesa, ya ratsa?”

Na buɗe baki in faɗi abin da na saba faɗa, sai na ga fuskar Nas. Na mayar da bakina na rufe, don taɓo na shiga.

Tsohuwa ta kama Kwamanda da kwanon dusa. Nas ta sauko daga mota, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi tsawa ciwo. “Ku je ku haɗa kayanku. Baba, mun yi magana, ba roƙo.”

Ban roƙa ba. Na zauna a bakin kwatami ina matse rigata. Wani abu ya shiga mini ido, taɓo ne, ya sa idanuna suka yi ta ruwa.

Aka fito da jakunkuna. Nas ta buɗe jakarta tana neman makullin mota. Ta zazzage ta a kan benci. Ta duba aljihu, ta duba ƙarƙashin mota, mutane suka taya ta dube ciyawa. Babu.

“Wa ya ga makullina?”

Auta tana tsaye a bakin rijiya. Ta cire yatsa daga baki, ta nuna cikin rijiyar.

“Faɗawa ya yi?” in ji Nas. “Garin yaya? Tsautsayi ne?”

Auta ta girgiza kai. Ta dubi uwarta ido cikin ido, da muryar da duk unguwa ta ji, ta ce, “Da gangan na yi.”

Ba wanda ya yi dariya, har Tela. Ta tako ta zo ta zauna a cinyata, cikin taɓon, ta mayar da yatsanta baki.

Nas ta daɗe tana kallonmu. Sai Injiniya ya ruga ɗaki. Na ji ƙarar wani abu da na sani, sai ga shi da maganaɗisun cikin rediyona ɗaure a igiyar guga. Ya zura a rijiya, ya yi ta lilo da shi a hankali, kunne a bakin rijiyar, har muka ji ƙas. Ya jawo, ga makulli manne. Gilashi kuma, ganin uwarta ta zauna dafe da kai, ta ɗauki kwano ta shiga garke. Ta gaida bunsuru a gurguje, ta wuce wurin akuyar gaske, ta tsuguna ta tatso nono har da kumfa, ta kai wa kakarta ta dafa, ta kawo wa uwarta a kofi.

Nas ta kurɓa. “Wa ya koya miki wannan?”

Na yi gyaran murya. Gilashi ta dubi kakarta. Tsohuwa ta dubi sama kamar mai duba hadari.

Nas ta juya makullin a hannunta, ta juya, sannan ta jefa shi cikin jaka. “Za su zauna. Amma da sharaɗi. Inna ce shugabar makaranta. Da safe su yi karatun littafi a wurinta, zan aiko da su. Masarar Baba Tela kuma ku huɗu za ku sake shuka masa.”

“Ni fa?” na ce. “Wane muƙami?”

Tsohuwa ta ce, “Kana nan a malaminka. Dokar ce kawai za a gyara. Yara, duk abin da kuka ga Kakanku ya yi, kada ku yi.”

Tela ya sauko daga bishiya yana cewa wannan makarantar ko shi zai sa jikokinsa.

To kun ji yadda aka yi. Yanzu haka yaran suna nan, gidan ba ya shiru, rediyo ne kawai ya yi shiru. Masarar Tela ta biyu ta fi ta farko kyau, ya ƙi yarda tsoro ne ya sa. Masu cewa an sauke ni daga shugabanci kuwa ba su san dabara ba. Ku zauna ku yi tunani: wa ya faɗa taɓo, wa ya gaida bunsuru, wa ya ba rago bayansa, har yaran nan suka zauna? In Auta ta iya, a wurin wa kuke tsammani ta koya?